Abin da Na Koya Miki a Kan Dutsen Su Ayuba

Sabon Gari, Minna.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina kuma roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sa kin sauka Maiduguri lami lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki. Na cusa ta ne a ƙarƙashin zannuwanki, can ƙasan akwati, don na san ba za ki kai gare ta ba sai kin fara jera kaya a ɗakin makaranta. Da gangan na yi haka. Da hannu da hannu na ba ki, da kin karanta a gabana kin ce "To, Baba," kin ninke, shi ke nan magana ta mutu.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Wa'azi kuwa mamanki ta riga ta yi miki na kwana uku cur, har da na yadda ake shanya kaya kada a sace, ba ta rage mini komai ba. Ni kuskurena zan faɗa miki, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ke hana ni sukuni game da tafiyar nan taki ba karatu ba ne, na san kanki yana ja. Ba samari ba ne, na san tarbiyyarki. Shirunki ne. Ke ba kya faɗin abin da ke damunki, ko zai kashe ki. Kina gabanmu ma haka muke fama, balle yanzu da tafiyar kwana biyu ta shiga tsakaninmu. Kuma na san inda kika koyi wannan hali, don ina wurin, ni ne malamin.

Kina aji huɗu na firamare lokacin, shekararki tara. Kin tuna Ayuba, wanda yake zuba mini gawayi a inji tun zamanin da nake tuƙa jirgin gawayi? Da aka koma injin dizal sai ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu wajen Gwada yana noman doya. Duk sanda muka ratsa ta wajen, sai ya nuna mini wani dogon dutse bayan ƙauyen ya ce kakanninsa a can sama suka zauna, wai in mutum ya hau ƙololuwarsa zai hango jirgi yana jan ciki kamar ƙadandoniya. Ke kuma a lokacin ba ki da zance sai na jirgi. Da kin ji usur kin fita da gudu bakin layi kina ɗaga hannu, ko ba ni ke tuƙi ba. Sai na yi miki alkawarin zan kai ki ki ga jirgi daga sama. Da kakarki marigayiya Hajiya, mai sunanki, ta ji, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Yau ga ikon Allah. Uba da 'yar fari za su yawon dutse. Isiyaku, zaman bariki ya cinye maka alkunya." Na yi dariya, muka kama hanya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Damina ta ɗauke ke nan, ana haƙar doya.

Mun kwana gidan Ayuba. Da sassafe muka haɗa kaya: tabarma, bargo, jarkar ruwa, buta, burodi, ƙuli-ƙuli da kifin gwangwani. Na ware miki ƙaramin ƙunshi, bargo da buta, na naɗa gammo zan ɗora miki a ka. Sai Ladi matar Ayuba ta ajiye tsintsiya ta matso.

Ta ce, "Direba, kar ka sa masa a kai. Kawo in daura masa a kafada."

Kin san matan Gwari, a kafaɗa suke ɗaukar kaya, kin sha ganinsu a kasuwa da doya ko itace a bayan wuya. Tun muna yara muke yi musu dariya a kan haka, ba mu taɓa tambayar dalili ba. Sai na ce mata, "Mu ba haka muke ɗauka ba, Ladi. 'Yata Bahaushiya ce."

Ayuba yana ɗaure igiyar takalminsa, bai ko ɗago ba ya ce, "A dutse, wanda ya sa kaya a kai ba ya ganin kafa."

Na ji shi sarai. Amma shekara takwas ina gaba yana bayana da shebur, ni ke cewa a yi, shi ke yi, kunnena bai saba karɓar umarni daga bakinsa ba. Na ɗora miki ƙunshin a ka na ce mu tafi.

Ummi, girman kai rawanin tsiya ne, kuma ni na naɗa shi ranar har da kunne biyu. Inda za ki akwai mutane masu yare daban, abinci daban, gaisuwa daban. Za ki ga suna yin abin da zai ba ki dariya. Ki riƙe dariyar, ki tambaya tukuna. Mutum ba ya shekara ɗari yana yin abu iri ɗaya a ƙasarsa don wauta. In mai shara ce ta ce miki kada ki bi ta wancan lungu, ko kada ki sha ruwan waccan rijiya, ki ji maganarta ko da ba ta san bihim ba a boko. Ita ta riga ki zama a wurin.

Muka ratsa gonakin doya, muka shiga gamba wadda ta fi ki tsawo, raɓa ta jiƙa miki siket. Kina gaba kina ta surutu, kina tambayar Ayuba sunan kowane tsuntsu da yarensu, kina maimaitawa yana ƙyalƙyala dariya. Ni kuma ina baya da agogona na aiki a hannu. Ga inda matsalar take: jirgin da ke tahowa daga Kaduna yana ratsa wajen da sha biyu da kwata, kuma in ya wuce babu wani sai gobe. Na riga na tsara tafiyar a kaina kamar yadda nake tsara ta aiki. Ƙarfe kaza muna gindin dutse, ƙarfe kaza muna tsakiya, sha biyu muna sama. Na manta cewa ƙafar yarinya 'yar shekara tara ba ta san wannan tsari ba.

Mun huta sau ɗaya a gindin wata kaɗanya. Da muka fara hawan falalen dutse rana ta ɗaga, surutunki ya ragu. Ayuba ya nuna wata inuwa ya ce mu sake zama. Na duba agogo na ce a'a.

Ya ce, "Direba, wannan ba jirgi ba ne fa. Dutse ba ya zuwa ko'ina."

Na ce, "Dutse ba ya zuwa, amma jirgi yana zuwa."

Daga nan hanya ta tsuke ta shiga tsakanin manyan duwatsu, ga tsakuwa, ga saiwoyi. Ayuba yana tafe yana kallon ƙasa, kayansa a kafaɗa. Ke kuwa wuyanki a miƙe saboda ƙunshi, hannu ɗaya a sama kina dafe da shi, kina taka abin da ba ki gani. Ban ga lokacin da kika yi tuntuɓe ba, ƙarar butar da ta faɗi kawai na ji. Kika durƙusa, kika riƙe takalminki na makaranta da hannu biyu.

Kika ce, "Baba, ƙafata."

Zan rubuta abin da na ce miki yadda na faɗe shi, don na san ba ki manta ba, ni ma ban manta ba. Ban durƙusa ba, ban ce ki cire takalmi mu gani ba. Agogo na duba, na ce, "Saura minti arba'in. In raki za ki yi, da kin zauna gida wajen uwarki."

Kika dube ni. Kika ɗauki butar, kika gyara gammo, kika miƙe. Ayuba ya miƙa hannu zai karɓi ƙunshin, kika ƙi ba shi. Daga nan har sama ba ki sake cewa uffan ba, ni kuma na ɗauka an wuce wurin. Har daɗi na ji a raina, wai 'yata ta ji magana.

Ki ji ni da kyau a nan. Duk abin da kike sauri ki cimma, jarrabawa ce, aiki ne, ko abin alheri ne da kike son yi wa wani, in mutumin da ke tare da ke ya ce wayyo, ki tsaya. Don ke na hau dutsen nan, ba don kaina ba, amma garin in ba ki kyautar sai na taka ki na wuce. Aikin likita za ki koya, wata rana za ki ga layin marasa lafiya ya yi tsawo, lokaci ya ƙure, wata ta ce miki nan ke ciwo. Ki duba wurin kafin ki duba agogo.

Mun kai sama saura minti biyar, na kuwa yi alfahari da haka. Ba zan yi ƙarya ba, wurin yana da kyau. Iska mai sanyi, gonaki shimfiɗe har iyakar gani, kwanukan rufin Minna suna ƙyalli can nesa, ga kufan gidajen kakannin Ayuba da duwatsun niƙansu har yanzu a ajiye. Sai ga jirgi ya ɓullo ta bayan wani tudu, ɗan mitsitsi, ko ƙararsa ba a ji. Na kama kafaɗarki ina nunawa, ina ƙirga miki taragu, ina gaya miki wane ne ke tuƙi yau. Kika ce, "Na gani, Baba." Ba ki ɗaga masa hannu ba. Na lura, amma na ce gajiya ce.

Da azahar ta yi na ce ki ɗauki buta ki yi alwala. Kika zagaya bayan wani dutse. Ayuba, da yake ba sallarmu yake yi ba, ya ɗan ja gefe don ya ba mu wuri, sai ya yi kiciɓis da ke. Na ji ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Direba, zo."

Na tarar kina zaune kin cire takalmi, kina ƙoƙarin ɓamɓare safa daga babban yatsa. Farar safar ta koma ja har dunduniya, jinin ya bushe ya manne. Farcen ya ɗage gaba ɗaya, fata kaɗan ke riƙe da shi. Da wannan ƙafar kika yi hawan kusan minti arba'in. Amma ko a lokacin bakina bai daina wauta ba.

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Kika ce, "Na faɗa."

Shekara goma sha ɗaya ke nan, har yau ban sami amsar da zan ba ki ba.

Ayuba ne ya hura wuta, ya ɗumama ruwa a gwangwanin kifi ya sa gishiri, ya jiƙa safar a hankali har ta saki. Ya tsinko wani ganye ya murza ya ɗora, na yaga hankicina muka ɗaure. Kina cije leɓe, ba ki yi kuka ba. Ba dama ki sauka a ranar, dole muka kwana a wani ɗan kogo kusa da kufan. Da gari ya waye na rasa yadda zan yi da ke, in goya ki a baya ga jaka, in rungume ki ba na ganin gabana. Ayuba ya karɓi kayan duka, ya ɗaga ki ya ɗora mini a wuya, ƙafafunki a ƙirjina. Haka na sauko da ke a kafaɗa, irin ɗaukar da na raina jiya, ina ganin duk inda zan sa ƙafa. Ko sau ɗaya ban yi tuntuɓe ba. Da muka iso gida Ladi ta kwance ɗaurin ta duba, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Direba, yaro ba kaya ba ne da za a sauke a tasha." Ayuba kuwa bai taɓa tayar mini da zancen ba har ya bar duniya. Allah Ya saka masa.

Da a nan abin ya tsaya, da farce ya sake tsirowa an manta. Babban kuskuren a gida na yi shi. Abin da ya kamata shi ne in zaunar da ke in ce na yi miki ba daidai ba, ki yafe mini. Sau da yawa na zo bakin ƙofar ɗakinku da niyyar haka, sai in ce a raina ina aka taɓa ganin uba yana ba 'yar fari haƙuri. Alkunyar da Hajiya ta ce na zubar, sai ga shi na tsince ta ranar da ta yi mini amfani. Maimakon haka sai na mayar da abin labarin bajinta. A majalisarmu ta ƙofar gida, gaban abokan aikina, na riƙa cewa, "'Yar nan tawa namiji ce. Farce ya cire, ta hau dutse da shi, ko ƙwalla ba ta yi ba." Suna jinjina kai, ke kuma kin kawo mana ruwa kina tsaye da tire, kina ji. Ban faɗa sau ɗaya ba, ban faɗa sau goma ba. A kan dutse na nuna miki cewa in kin yi kuka zan ƙi ki, a gida kuma na nuna miki cewa in kin yi shiru zan so ki. Yarinya mai hankali kamarki ba ta bukatar a maimaita mata darasi.

Kin kuwa haddace shi. Shekara guda kina zama a bayan aji ba kya ganin allo sosai, ba mu sani ba sai da malamarku ta zo gida da kanta ta ce a saya miki tabarau. Bara kika yi kwana shida da zazzaɓi kina shara, kina girki, kina zuwa islamiyya, sai da kika yanke jiki kika faɗi a bakin famfo. A asibiti likita ya tambayi tun yaushe, kika ce tun Litinin. Mamanki ta juyo ta dube ni, irin kallon da Ladi ta yi mini. Maƙwabta suna cewa Ummi akwai haƙuri, ni kuma duk sanda na ji sai in ji kamar an tsikare ni da allura, don na san ba haƙuri ba ne, tsoro ne, kuma tsorona ne.

Haƙuri maganin zaman duniya ne, gaskiya ne, amma ba shi ne mutum ya rufe ciwo da safa ba. Mai haƙuri yana faɗin abin da ke damunsa, a nemi magani, sannan ya jure abin da ya gagara. Saboda haka ga abin da nake roƙonki, roƙo nake ba umarni ba. In ba ki da lafiya, ki je asibitin makaranta a ranar, ki kuma gaya wa wadda kuke ɗaki ɗaya. In wani malami ko ɗalibi ya matsa miki da abin da bai dace ba, kada ki ce za ki ji da shi ke kaɗai. In karatu ya yi nauyi kin faɗi wata jarrabawa, ki rubuto ki ce na faɗi, ba za a kore ki daga gidan nan ba. In kewar gida ce kawai ta dame ki, ita ma ciwo ce, ki faɗa. Ki samu mutum ɗaya a can, mace mai tsoron Allah, wadda za ki iya yin kuka a gabanta. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki gaya wa Allah damuwarki, amma ki gaya mana mu ma, don ta hannun mutane Yake aiko da sauƙi.

Na san abin da za ki ce a ranki: Baba yana cewa a faɗa, shi wa ya taɓa faɗa wa? Kin yi gaskiya. Ba a koyar da abin da ba a yi, don haka bari ni in fara.

Hutun da na ce muku na ɗauka a wurin aiki ba hutu ba ne. Wata biyar ke nan idona na hagu yana rufewa daga gefe, na dama ma ya fara. Ranar da na kasa bambance alamar tsayawa ko wucewa da aka ba ni a shigar tasha sai da mataimakina ya yi magana, ranar na sauka daga inji na kai kaina asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin riƙe wanda ya saura, kuma ya ce da na zo tun farko da an riƙe fiye da haka. Ba zan sake tuƙa jirgi ba. Maganin ɗigawa yana cikin jakar aikina, a ɓoye nake sawa. Ko mamanki ban gaya wa ba, ke ce ta farko, amma na yi alkawari da na dawo daga raka ki tasha zan zaunar da ita. Ina jin tsoro, Ummi. Shekara talatin ban san kaina da wani abu ba sai direba, kuma ina tsoron ranar da za ki dawo da takardar digirinki in kasa ganin fuskarki.

Kada ki kuskura ki ce za ki dawo gida saboda wannan. Ban faɗa don ki dawo ba, in kika dawo kin ƙara mini wani ciwon. Na faɗa ne don ki ga an faɗa kuma sama ba ta faɗo ba. Sannan ki yafe mini abin da na ce miki a kan dutsen nan, da abin da na riƙa faɗa a ƙofar gida. Ban kyauta ba. Ba raki kika yi ba, ciwo kika ji, kuma kin yi daidai da kika faɗa.

Allah Ya tsare mini ke a zaune da a tafe, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da mugun ji da mugun gani. Allah Ya buɗa miki karatu, Ya sa ki amfani jama'a da shi, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya yi miki albarka, amin.

Ina jiran amsarki. Kada ki fara da "lafiya lau" sai in lafiya lau ɗin ce. Kuma ki yi rubutun da manyan baƙaƙe, don ina so in karanta da kaina, ba na son wani ya karanta mini.

Wassalam.

Babanki,
Isiyaku.